Lokacin buɗe ciki na Italiyawa: abin da masu shayi da masu sobolo na Akra za su iya ɗauka

Ya Edita,

Assalamu alaikum. Muna roƙon ka ba mu fili a jaridarka mu yi bayani kan wata kalma da ta fara yawo a bakin yaranmu masu aiki a otal-otal da gidajen abinci na Osu da Labone, wadda kuma 'yan uwanmu mazauna biranen Italiya irin su Modena da Brescia da Vicenza ke yawan ambata idan sun zo ganin gida. Kalmar ita ce aperitivo. Wasu na ɗauka sunan wata giya ce, wasu na cewa ai rangwamen farashin barasa ne da yamma. Duka biyun ba haka ba ne. Mu masu aikin girki da haɗa abin sha ne, kuma a ganinmu akwai abin da mai shayi da mai sobolo a Nima da Mamobi da Sabon Zango za su ƙaru da shi a wannan al'ada ba tare da ɗigon barasa ya shiga kofinsu ba.

Asalin kalmar daga Latin ne, aperire, wato buɗewa. Abin da ake buɗewa shi ne ciki. Ba'italiye ba ya cin abincin dare da wuri, sai wajen ƙarfe 8 ko 9. To daga tashi aiki zuwa wannan lokaci, kamar daga ƙarfe 6, sai ya tsaya a mashayar unguwa ya sha ƙaramin kofi ɗaya na abu mai ɗaci-ɗaci, ya ɗan taɓa zaitun ko gyaɗa ko soyayyen dankali, ya yi hira, ya wuce gida da yunwarsa. Abin da suke kira bar ma ba irin namu ba ne. Kanti ɗaya ne da ke sayar da kofi da safe, da burodi mai haɗi da rana, da wannan abin sha da yamma, tsofaffi da mata da yara duk suna shiga. Farashi kuwa ba ya sauka a wannan lokaci. Sau da yawa ma hawa yake yi, domin kuɗin ɗan abin taɓawar yana cikin kuɗin kofin.

Ba za mu ɓoye wa masu karatu ba, galibin abin da ake sha a wannan zama barasa ce. A Turin ne Antonio Benedetto Carpano ya fara sayar da bamut a 1786, giyar inabi ce da aka jiƙa da ganyaye da saiwoyi masu ɗaci. Gaspare Campari ya haɗa jan abin shan da ke ɗauke da sunansa a 1860, ɗansa Davide kuma ya buɗe Camparino a bakin babbar rumfar kantunan nan ta Milan da ke kusa da majami'ar birnin a 1915. Aperol, mai ruwan lemu, 'yan uwa biyu ne na gidan Barbieri suka fito da shi a Paduwa a 1919, barasar cikinsa kashi 11 cikin 100 ce. Da shi ake yin spritz, kashi 3 na giyar inabi mai kumfa, kashi 2 na Aperol, kashi 1 na ruwan soda. Negroni ya fi duka ƙarfi: barasar da ake kira jin da bamut da Campari daidai wa daida, ba ruwa ko kaɗan. Mun kawo waɗannan sunaye ne don yaron da aka ɗauka aiki a otal, ko wanda ya sauka Italiya jiya, ya gane su da ido. Kyan launi da yankan lemu a bakin kofi sun sha yaudarar baƙo. Hukuncin addini a kansu sananne ne, abin da mai yawansa ke sa maye, kaɗan ɗinsa ma haramun ne. Maganar zama a wurin da ake sha kuma ta malamai ce, mun bar musu.

Sai dai Italiyawan da kansu suna da wanda ba barasa, kuma ba ƙaramin ciniki ake yi da shi ba. Suna ce masa analcolico. Tun shekarun 1960 akwai Crodino mai ruwan ɗorawa da Sanbittèr ja jawur, kowanne a 'yar kwalba ta mililita 100 kacal. Akwai kuma chinotto, baƙin lemun kwalba da ake yi da wani ƙaramin lemu mai ɗaci da aka san yankin Savona da nomansa. A nan akwai tarko guda uku. Na farko, Campari Soda shi ma ja ne, shi ma a ƙaramar kwalba yake, amma kashi 10 cikin 100 na cikinsa barasa ce, don haka a karanta kwalba, kada a dogara da launi. Na biyu, giyar sha'ir da aka rubuta wa analcolica dokar ƙasar ta yarda ta kai kashi 1.2, sai wadda aka rubuta 0,0 ce babu komai. Na uku yana cikin faranti. Prosciutto da salame da mortadella naman alade ne, wannan kowa ya sani. Abin da ba kowa ya sani ba shi ne kitsen alade, strutto, da ake murza kwaɓin gurasar piadina da shi, ake kuma soya wani kwaɓin fulawa mai suna gnocco fritto a cikinsa a yankin Modena da Reggio Emilia, daidai inda 'yan Gana suka fi taruwa. Hatta taralli, ɗan busasshen biskit mai kama da zobe, na Puglia akan kwaɓa shi da farar giya, na Napoli kuma da kitsen alade. Zaitun da gyaɗa da dankalin leda su ne ba su da wata ƙura.

A nan gida ma akwai irin wannan tarko. Capman da ake haɗawa a wuraren biki, mutane na sha a matsayin lemu, alhali masu haɗawa kan ɗiga masa ruwan ɗaci na Angostura, wadda barasarta ta haura kashi 44, wasu har Campari suke zubawa. A tambaya kafin a karɓa.

Idan aka cire barasa, me ya rage a al'adar? Lokaci, da ƙaramin awo, da ɗaci, da ɗan abu mai gishiri. Ɗacin nan shi ne ƙashin bayan abin, shi ne kuma muka rasa. Sobolonmu da lamurjinmu sun zama ruwan sukari. Kwalbar lemu ta mililita 300 tana ɗauke da sukari sama da giram 30, wasu masu sobolo ma sun fi haka hannu. Wanda ya sha wannan da ƙarfe 5, tuwon zafin da aka tuƙa masa a gida sai dai yara su cinye. Zaƙi yana kashe marmarin abinci, ɗaci da tsami kuwa suna tsinka yawu. Mu ma ba baƙi ba ne a wannan sani. Zagayen farko na ataya ɗaci ne da shi, kuma ba wanda ya taɓa mayar da goro don ya yi bauri.

Ga yadda za a haɗa sobolon da zai yi wannan aiki. Tsimi mai kauri ake yi, a riƙa tsinka shi kofi-kofi a gaban mai saye. Ana buƙatar busasshen zoɓo giram 80, ruwa lita 1 da kwata, ɗanyar citta giram 50 da aka daddaka, kanumfari ƙwaya 6, kimba sili 2 da aka ɗan fasa, ɓawon lemu 3, sukari giram 200. A sayi ƙaramin sikeli. Gwangwani da olonka ba sa gaya wa mutum gaskiya a kan zoɓo, domin wani ya fi wani bushewa, wani kuma rabinsa gari ne.

A ɗauraye zoɓon da ruwan sanyi sau biyu cikin hanzari, don yashi ya fita, kada a bar shi ya jiƙu launinsa ya bi ruwan wanki. A tafasa ruwan da citta da kanumfari da kimba minti 10. A sauke daga wuta, sannan a zuba zoɓon, a rufe, a ba shi minti 20. Ba a tafasa shi. Dogon tafasa shi ke jawo baurin da ke kama harshe, ya kuma dusashe jan, daga nan mai yi ya shiga ƙara sukari don ya rufe ɓarnar da ya yi da hannunsa. Ɓawon lemun a minti 10 na ƙarshe yake shiga, kuma saman kawai ake so, mai ƙamshin, ban da farin ciki. Wannan ba sai an saya ba. Mai sayar da lemu a bakin titi tana fere shi siri-siri kamar zare, ya taru a gefen farantinta, da yamma ta zubar. A yi magana da ita tun safe, a kawo mata roba mai tsabta, a roƙe ta ta wanke lemun kafin ta fere. Bayan nan a tace da ƙyalle mai tsabta ba tare da matsewa da ƙarfi ba, a zuba sukari tun da ɗumi, a juya ya narke. Za a samu lita 1 da ɗan ɗoriya.

Tukunya ma tana da magana. Zoɓo tsami ne da shi, yana cin alminiyam, sai ka ji ƙarnin ƙarfe a baki, launin kuma ya koma kamar ruwan kwata. Silba ko tukunya mai fenti wadda ba ta ɓantare ba ita ce daidai. Haka kuma kada kanwa ko toka ta kusanci wurin, ko da a jikin ludayin da aka juya wake da shi ne. Ɗan kaɗan ya isa ya mayar da jan zoɓo shuɗi-shuɗi mai duhu. Idan hakan ta faru, matsin lemun tsami yakan dawo da launin, amma ɗanɗanon ya riga ya tafi.

Ɗacin daban ake dafa shi, kuma wannan shi ne inda aka fi yin kuskure. A ɗauki farin cikin ɓawon lemu 2 da ɓawon lemun tsami 2 gaba ɗaya, a tafasa a ruwa kwata lita na minti 10, a tace a zuba a kwalbarsa. Sai a riƙa ƙara wa tsimin cokali-cokali ana ɗanɗanawa, amma a ɗanɗana bayan an tsinka da ruwa, ba tsimin tsura ba. Dalilin rabawar shi ne lemun wannan mako ba zai yi ɗacin na makon jiya ba, kuma ɗaci in ya yi yawa a tukunya ba abin da ke cire shi. Awon da ake nema shi ne wanda mai sha zai ji tsami da ƙamshi tukuna, ɗacin ya biyo baya a ƙarshen harshe bayan ya haɗiye. Muna gargaɗi a kan ganyen dogon yaro da saƙe-saƙin da ba a san awonsu ba. Abin sha ake sayarwa, ba magani ba. Kuma kada wani ya rubuta bitters a allonsa don ya burge. A Gana wannan kalma barasa take nufi, irin su Alomo, kuma kafin ka yi bayani unguwa ta riga ta yanke maka hukunci.

Wajen zubawa, kofin gilashi ake so, mai cin mililita 300 ko kusa. A cika shi da manyan ƙanƙara, a zuba tsimi mililita 50, ruwan soda 100, ruwan tonik 50, a sa yankan lemu. Wanda ba ya son tonik ya mayar da shi soda, ya ƙara ruwan ɗacin rabin ƙaramin cokali. Da wannan awo lita guda tana ba da kofi 20, kwalbar soda ta mililita 300 kuma kofi 3. Sukarin da ke kofi ɗaya bai kai rabin na kwalbar lemu ba. Tsimin ya fi soda nauyi, zai kwanta a ƙasa, saboda haka a zura dogon cokali a ɗaga shi sau ɗaya. Sau ɗaya muka ce. Mai juyawa kamar yana dama koko zai miƙa wa mutum jan ruwa lami.

Kumfar soda iska ce da ke zama a ruwa muddin yana da sanyi. Kwalbar da ta sha rana, kana buɗewa rabin iskar ta gudu. Dakakkiyar ƙanƙara ma tana korar ta, ga saurin narkewa. Mutane na ganin cika kofi da ƙanƙara wayon mai sayarwa ne, alhali ƙwaya biyu a zafin Akra su ne ke narkewa cikin minti kaɗan su salance abin sha, cikakken kofi kuwa yana riƙe sanyinsa. A zuba sodar a hankali ta jikin kofi. Sannan a raba ƙanƙara biyu: babban dunƙulen da ake saya don sanyaya kwalabe a kula, wannan ba ya shiga bakin kowa, domin ba ka san ruwan da aka yi shi da shi ba. Ta cikin kofi da ruwan sha mai tsabta za ka daskarar da kanka, ka ɗauka da abin ɗauka, ba da hannun da ke karɓar sidi ba.

Babban abin tsoro ga Musulmi a wannan sana'a shi ne tsimin ya juya. Ruwa mai sukari, ga zafi, ga ɓawon abarba da wasu ke son jefawa, wanda yake ɗauke da yis ɗinsa na halitta: kwana ɗaya ko biyu a waje ya isa abin ya fara zama ɗan uwan fito, giyar dawa. Alamominsa kumfa a sama, robar ta kumbura, ta yi tsaki idan an buɗe, ƙamshin ya koma tsami-tsami mai hawa hanci. Wanda ya ga haka ya zubar, kada ya ce zai gyara da sukari. A firji tsimin yana kwana 4 zuwa 5 lafiya, in an zuba shi a kwalbar gilashi da aka ƙona da tafasasshen ruwa. A rubuta ranar dafawa a jikin kowace kwalba. Idan dumso, wato ɗaukewar wutar lantarki, ya kwana, da safe a sake tafasa abin da ya rage a sayar da shi a ranar, in kuwa ya wuni ya kwana ba wuta, a haƙura da shi. Tsintattun robobin ruwa da ake wankewa a sake ɗurawa suna cikin abubuwan da ke jawo cutar cikin da ake ɗora wa sobolo.

Masu hawan jini da ke shan magani su sani zoɓo na ɗan saukar da jini, tonik kuma akwai kwinin a ciki, mai juna biyu gara ta bar shi.

Abin taɓawa kaɗan ake bayarwa, kuma mai gishiri. Soyayyar gyaɗa giram 25 a ɗan faranti, kilo ɗaya ya ba da faranti 40. Ko ƙuli-ƙuli, ko aya, ko wagashi, wato cuku, da aka yanka kamar ƙwayar sukari aka soya, guda 4 ko 5 da barbaɗen yaji, ko tsinken cincinga ɗaya. Kelewele ma ya dace ƙwarai, in an kula da mai. Ayabar da ta nuna ta yi luguf tana shan mai, man da ya yi zafi ainun kuma yana ƙona sukarinta ta yi baƙi a waje ciki bai yi ba. Gwajin shi ne a jefa yanka ɗaya, ya taso nan take yana tsuwa ba tare da man na hayaƙi ba, kuma kada a cika kasko. Gyaɗa a iskar bakin teku ba ta awa biyu a buɗe sai ta yi sanyi, don haka a bar ta a kwalba mai murfi, a ɗiba in an zo. Duk ƙwayar da ta yi fumfuna ko ta yi ɗaci a tsince ta tun kafin suya, wuta ba ta kashe gubar da ke cikinta, kuma hanta take ci.

Waakye da fura da burkina ba wurinsu ba ne nan, abinci ne sukutum. Mutanen Milan sun bi wannan hanya, suka shiga jera taliya da shinkafa a dogon tebur kowa ya ɗiba iya cikinsa da kuɗin kofi ɗaya, har aka laƙaba wa abin apericena, wato an haɗe shi da abincin dare. Ɗalibai sun ji daɗi, amma abincin da ya daɗe a tebur sanyi yake yi ya bushe, mai kanti kuma dole ya ƙara kuɗi ko ya rage kyau. Ƙaramin ɗan kasuwa a Zango ba shi da jarin wannan gasa. Ƙa'idar da masu gidajen abinci ke bi ita ce kuɗin kayan haɗi, har da gyaɗar da ƙanƙarar, kada ya wuce kashi ɗaya cikin uku na farashin kofi. Soda da tonik su ne za su fi cin kuɗi, ba zoɓo ba, saboda haka kwalbar da aka buɗe don mutum ɗaya aka bari ta huce asara ce tsantsa.

Lokacin Italiya ba zai zauna mana daidai ba. A Milan a watan Yuni rana ba ta faɗuwa sai bayan ƙarfe 9, mu kuwa a Akra kusan ƙarfe 6 take faɗuwa shekara duka. Farkon lokacinsu shi ne magaribarmu. Abin da muke da shi shi ne daga 4 da rabi zuwa kiran salla, lokacin da masu dawowa daga Makola da Kantamanto da Circle ke sauka daga tirotiro a gajiye, sai kuma ɗan tsakanin magariba da lisha ga wanda cunkoso ya riƙe. Wannan lokaci ne da teburin mai shayi yake zaune ba ciniki, tsakanin na safe da na dare. Benci da tebur da kofuna yana da su. Da azumi sai a mayar da shi bayan tarawi, a ƙara soda a rage ɗaci, domin cikin da ya wuni ba komai ba ya son tsami mai ƙarfi.

Matsalar da za a fara karo da ita sananniya ce: mutum ɗaya ya saya, shida su zauna har lisha. A Italiya kuɗin mai tsayuwa a kanta daban, na mai zama a tebur daban, shi ya sa ake sha a wuce. A nan ba za ka ce wa dattijo ya biya kuɗin zama ba. Abin da zai yi aiki shi ne dogon katako mai tsayin ƙirji da za a jingina a kai, kujeru uku ko huɗu na manya, ba talabijin, ba kiɗa mai ƙarfi, sannan a tattara kofuna da zarar ladan ya ɗaga murya. A ware gefe ɗaya mai haske inda mace mai dawowa daga kasuwa za ta ajiye kayanta ta sha ba tare da ta ratsa majalisar samari ba, domin in ba haka ba rabin masu sayen sun tafi.

Mai sayar da abinci ko abin sha dole ya yi gwajin lafiya ya karɓi takarda daga jami'an tsabta na majalisar yankinsa, na Nima ita ce Ayawaso ta Gabas. Wanda kuma ya ga ciniki ya buɗe har yana son ɗura tsimin a kwalba ya manna suna ya kai shaguna, wannan sai da rajistar hukumar abinci da magunguna, FDA, kuma za su tambaye shi inda yake dafawa da ruwan da yake amfani da shi.

Mun gode da filin da ka ba mu. Allah ya ƙara wa jarida albarka.

Daga wasu masu girki da haɗa abin sha,
Nima, Akra